Wane Faifan CD Ya Kamata Ka Saya Don Naɗar Waƙoƙinka A Gida?

Duk da cewa waya ta cinye kasuwar sauraren waƙa, faifan CD bai mutu ba. Motoci 'yan Beljiyam da yawa da ke yawo a titunanmu rediyonsu ba shi da kafar filashi, ba ya kama Bluetooth, faifai kawai yake ci. Akwai mai tsohuwar na'ura a falo wadda sautinta ya fi na kowace waya daɗi. Akwai mai tarin kaset-kaset na waƙoƙin gargajiya ko karatu da yake so ya ceto kafin zaren ya tsinke, da wanda ya sayi faifai na asali da tsada yana so ya adana shi a gida ya riƙa yawo da kwafi. Duk waɗannan idan suka shiga shago tambayarsu ɗaya ce: wane emti, wato faifan da ba a naɗi komai a kansa ba, ya fi fitar da sauti?

Kafin a kai ga sunayen kamfanoni, sai an fara warware wannan tambaya, domin a kanta ake yaudarar mutane. A zamanin kaset, irin zaren yana canza sauti da gaske. Wani ya fi fitar da ƙarar kalangu, wani yana da shuuu a ƙasa. Faifan CD ba haka yake aiki ba. Abin da ke cikinsa lambobi ne. Tsarin da Philips da Sony suka tsayar a 1980 ya ce a auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo a rubuta shi da bit 16, a ɓangaren dama da na hagu. Idan na'urarka ta karanta waɗannan lambobi daidai, to sautin da zai fito daga faifai mai tsada da wanda zai fito daga mai araha ɗaya ne. Babu faifan da ke ƙara wa ganga nauyi ko ya gyara wa mawaƙi murya. Wanda ya ce maka wannan shuɗin ya fi bes, ciniki yake nema.

Amma kalmar "idan" ɗin nan ita ce komai. Na'ura ba ta karanta faifai ba tare da tuntuɓe ba, ko da sabo ne fil. Shi ya sa aka saka tsarin gyaran kuskure hawa biyu, wanda masu harkar ke kira C1 da C2. Ƙananan kurakurai hawa na farko yana gyara su ba tare da ka sani ba, kuma ƙa'ida ta yarda su kai har 220 a daƙiƙa ɗaya, ko da yake faifai mai kyau ba ya kusantar wannan adadi. Waɗanda suka fi ƙarfin hawa na farko sai na biyu ya karɓa. Idan suka gagari na biyun, na'urar sai ta yi kirdado, ta dubi awon da ya gabata da wanda ke biye ta cike gurbin. Idan gurbin ya yi faɗi, sai ka ji ƙas-ƙas, ko sautin ya ɗauke, ko waƙa ta yi tsalle, ko rediyon ya tofo faifan gaba ɗaya. Nan ne faifai ya bambanta da faifai. Abin da kake saye da kuɗinka shi ne sauƙin karantuwa a na'urarka, da kuma tsawon lokacin da zai ci gaba da karantuwa.

Rini uku

Faifan da aka buga a masana'anta ramuka ne na gaske aka danna a jikin roba, aka shafe su da gorar-ruwa. Shi kuwa CD-R, wato emtin da ake naɗa a gida, wanda kamfanin Taiyo Yuden na Japan ya fara fitarwa a 1988, ba shi da ramuka. A kan robar akwai shimfiɗar rini siririya, a bayan rinin akwai azurfa ko zinariya mai mayar da haske, sannan a rufe da wani ɗan fenti mai kariya. Hasken leza na kwamfutarka yana ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, na'urar saurare kuma ta ɗauki waɗannan ɗigogi a matsayin ramuka. Ke nan waƙarka a jikin rini take zaune, kuma duk wanda ya taɓa shanya rinannen yadi a rana ya san ba kowane rini ke jure haske ba.

Na farko shi ne sayanin, rinin Taiyo Yuden. Idan ka juya faifan za ka ga kore-kore ko shuɗi mai ratsin kore. Falalarsa ita ce haƙuri: yana karɓar rubutu da kyau ko da ƙarfin lezar ya ɗan saɓa, kuma tsofaffin na'urori suna karanta shi cikin sauƙi. Saboda haka ne masu ɗakunan naɗar sauti suka daɗe suna riƙe da shi don kwafin da za su miƙa wa masana'anta. Rauninsa haske ne. Asalin rinin ba ya jure rana, sai da aka riƙa haɗa shi da wasu sinadarai masu ƙarfafa shi. A kamfanin kirki wannan haɗi yana yin kyau ƙwarai. A kamfanin da ke neman rage kuɗi, shi ne faifan da zai fara koɗewa.

Na biyu fitalosayanin ne, wanda kamfanin Mitsui Toatsu ya ƙirƙiro. Kusan ba shi da launi, don haka faifan yakan fito ruwan zinariya idan bayansa zinariya ce, ko fari-fari mai ɗan kore idan azurfa ce. Bayan ka gama naɗa sai ka karkata shi a haske kafin ka gane inda rubutun ya tsaya. Shi ya fi sauran juriyar zafi da haske. A wani gwaji da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta wallafa a 2004, inda aka gasa faya-fayai da haske da zafi da laima, wanda ya haɗa wannan rini da gamin zinariya da azurfa shi ya fi daɗewa. Sai dai yana son leza mai daidaito. Kuma ga wani tarko: yawancin faya-fayan araha na yau su ma wannan rinin ne a jikinsu, a kan azurfa siririya da fenti marar kauri. Sunan rinin kaɗai ba shaida ba ne.

Na uku azo ne, na kamfanin Mitsubishi Chemical, wanda aka sani a faya-fayan Verbatim. Na da can shuɗi ne ƙirin, na baya-bayan nan masu gudu sun ɗan fi haske. A ganina shi ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin mutane: yana jure haske fiye da sayanin na gama-gari, bambancin wurin da aka ƙona da wanda ba a ƙona ba yana fitowa sosai, kuma ya fi na zinariya sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Abin lura shi ne ba kowane Verbatim ne azo ba. Suna da layi mai rahusa wanda ba wannan rinin ba ne. Idan ba ka ga an rubuta AZO a jikin kwalin ba, to ba shi ba ne.

Kada ka dogara da launi kaɗai, domin ana iya rina robar kanta. Akwai baƙaƙen faya-fayai ma da wasu ke rantsuwa sun fi daɗin sauti. Hasken lezar CD ja ne can ƙasa da abin da ido ke gani, yana ratsa baƙar robar kamar babu ita. Baƙin ado ne kawai. Haka nan waɗanda aka yi wa zane kamar faifan garmaho.

Sunan da ke kan kwali da masana'antar da ta yi faifan

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa mai saye. Yawancin sunayen da ka sani, su Sony da Maxell da TDK da Philips da HP, a shekarun baya-bayan nan ba su suke yin faifan da hannunsu ba. Kwangila suke bayarwa ga manyan masana'antu kamar CMC Magnetics da Ritek a Taiwan, ko Moser Baer a Indiya kafin ya durƙushe a 2018. Sai ka sayi suna ɗaya bana ya yi maka kyau, ka koma baɗi ka sayi sunan nan dai, ashe an canza masana'anta. Shi kansa Taiyo Yuden ya daina yin faifai a ƙarshen 2015, ya miƙa fasaharsa ga CMC, waɗanda ke fitar da shi da sunan CMC Pro. Verbatim ma CMC ɗin ne suka saye shi daga Mitsubishi a 2019. Kasuwar ta tsuke matuƙa, kuma masana'anta ɗaya tana iya fitar da na ƙwarai da na banza gwargwadon abin da aka biya ta.

Akwai hanyar ganewa. Kowane emti yana da wata siririyar hanya da aka zana masa tun daga masana'anta wadda leza ke bi, kuma a cikinta an ɓoye lambar wanda ya yi shi. Saka faifan a kwamfuta ka buɗe manhaja irin ImgBurn, wadda kyauta ce, za ta nuna maka. Idan ka ga 97m24s01f, lambar Taiyo Yuden ce. Idan 97m34s23f ce, ta Mitsubishi ce. Masu jabu sukan saci waɗannan lambobi, don haka haɗa da idonka. Zaro faifai ɗaya ka ɗaga shi ga hasken taga. Duba ko akwai ƙananan huji kamar na allura a jikin azurfar. Duba bakin waje, ko rinin ya yi kauri a wani gefe ya yi sirara a wani, ko akwai tabo kamar ruwa ya bushe. Shafa yatsa a gefen: na kirki sumul yake, na banza yana da kaushi ko danƙo. Wanda ake sayarwa a tsirara cikin leda, babu suna babu ƙasar da aka yi shi, araha ba ta ado. Yana iya yin aikin kwana biyu, amma ba na waƙar da kake ƙauna ba ne.

Mai rubutun "Music" da marar shi

Za ka ga wasu an rubuta musu Music ko Digital Audio, kuma sun fi tsada. Mutane da yawa suna ɗauka an inganta su ne don waƙa. Asalin abin doka ce. A 1992 Amurka ta yi dokar naɗar sauti a gida, wadda ta ɗora harajin kashi 3 cikin ɗari a kan irin waɗannan faya-fayai don a raba wa masu haƙƙin waƙa. Sai aka saka musu wata alama a cikin waccan hanya ta leza, aka kuma ƙera na'urorin naɗa na falo, irin waɗanda Philips da Pioneer suka yi, yadda ba za su karɓi faifan da ba shi da alamar ba. Idan irin wannan na'ura gare ka, wadda ake jona wa rediyon kaset ko garmaho kai tsaye, dole ne ka sayi mai Music. Yana da ɗan amfani ɗaya kuma: an yi shi da sanin cewa za a rubuta shi a hankali, daidai da tafiyar waƙa. Idan kuwa da kwamfuta kake naɗa, kuɗin da ka ƙara bai sayo maka komai a kunne ba.

CD-RW, wanda ake gogewa a sake, ka bar shi. Ba rini ne a jikinsa ba, wani gamin ƙarfe ne, kuma hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ba, alhali CD-R yana mayar da kusan 65 ko fiye. Yawancin na'urorin da aka yi kafin fitowarsa a 1997, da rediyon mota da yawa na bayan nan, ba sa ganinsa sam. Amfaninsa ɗaya ne: gwada jerin waƙoƙi a kwamfuta kafin ka ɓata na gaske.

Batun tsawo kuwa, na minti 74 shi ne asali, kuma shi tsofaffin na'urori suka fi so domin layukansa ba su matse ba, amma yanzu samunsa sai an tona. Na minti 80, mai megabait 700, shi ne a kasuwa, kuma kusan komai yana karanta shi. Na minti 90 da 99 sun fita daga ƙa'ida, an matse layukan fiye da kima, kada ka kusance su. Ko na 80 ɗin ma ina ba da shawarar kada a cika shi maƙil. Faifai daga tsakiya yake farawa ya nufi waje, kuma bakin waje nan ne rini ya fi samun matsala, nan yatsu ke taɓawa, nan ne kuma na'urar ke rubutu da gudu mafi tsanani. Ka tsaya a minti 72 zuwa 75, ka bar masa gefe.

Gudun rubutu

Tsohuwar magana ita ce a naɗa a 1x ko 2x, wato daidai da gudun tafiyar waƙa ko ninkinsa biyu. A zamanin faya-fayan farko gaskiya ce. Na yanzu da aka rubuta wa 48x ko 52x an haɗa rininsu ne don gudu, kuma na'urorin kwamfuta na yanzu da yawa ba sa ma sauka ƙasa da 8x ko 10x. Tilasta musu tafiyar hawainiya yana iya ƙara kuskure maimakon ya rage. Ƙure gudu kuma yana sa faifan rawa, ɗigogin su fito ba daidai ba, musamman a waƙoƙin ƙarshe. Ni 16x nake zaɓa, idan tsohuwar na'ura ce za ta karanta in sauka zuwa 8x in akwai. Bambancin lokacin 'yan mintuna ne.

Zaɓi a rubuta faifan a zama ɗaya, abin da manhajoji ke nunawa da DAO, a kuma rufe shi. Ɗaya hanyar, TAO, tana saka shirun daƙiƙa biyu tsakanin waƙa da waƙa, wanda ke yanka karatu ko waƙar da aka ɗauka a fili ba tsayawa. Faifan da ba a rufe ba kuwa rediyon mota ba zai karanta ba. Kuma a wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, yi aikin da laftof mai cikakken caji, domin idan ta yanke a tsakiya faifan ya tafi.

Samansa ya fi ƙasansa rauni

Mutane suna kaffa-kaffa da gefen da ke ƙyalli, su kife faifai a kan bayansa. Alhali kaurin faifan milimita 1.2 ne kuma kusan duka roba ce ta ƙasa. Rinin da azurfar suna can sama, ƙarƙashin ɗan fentin nan. Karce a ƙasa sau da yawa ana iya goge shi. Karce a sama yana kwashe waƙar ne ɗungurungum. Saboda haka faifan da ke da farin shafi mai kauri a sama, irin wanda ake bugawa da firinta, ya fi mai tsirarar azurfa kariya, kuma na fi son shi don mota. Kada ka rubuta da biro, nemi alƙalamin maka mai laushin baki wanda aka yi don CD, in ma da hali ka yi rubutun a farar robar tsakiya inda babu komai. Kada ka manna takarda. Zafin mota yana ɗaga gam, takardar ta naɗe a cikin rediyo, ko ta ɓamɓaro azurfar.

Zafinmu ba wasa ba ne ga rini. Faifan da aka bari a gaban gilashin mota a watan Afrilu ko Mayu, gefen rinin yana kallon sama, ko na wane kamfani ne ba zai kai labari ba. Ƙurar hunturu kuma tana hawa faifai tana hawa idon na'urar. Sau da yawa abin da ake zargin faifai da shi, idon ne ya yi datti. Idan za ka goge faifai, da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa waje, ba zagaye ba, domin karcen da ya bi layin waƙa ya fi wanda ya gitta shi wahalar gyara.

To wanne za a saya?

Don mota da sauraren yau da kullum, Verbatim mai AZO na minti 80 shi ne zaɓina na farko. Idan na'urarka tsohuwa ce mai tsirfa, wadda ke ƙin wannan ta karɓi wancan, nemi CMC Pro, ko tsohon kayan Taiyo Yuden idan ka yi dace da na gaske, wanda aka rubuta an yi shi a Japan. Don abin da ba shi da madadi, kamar muryar mahaifi ko kaset ɗin da babu irinsa a kasuwa, na zinariya mai fitalosayanin irin na kamfanin MAM-A ya cancanci kuɗinsa, domin zinariya ba ta tsatsa kamar yadda azurfa ke yi idan laima ta shiga. Amma zinariya ba ta kai azurfa mayar da haske ba, don haka wasu rediyoyin mota ba sa jin daɗinsa. Shi na ajiya ne, a akwatinsa, a tsaye, a inuwa. Shekaru ɗari ko fiye da ake rubutawa a kwali lissafin ɗakin gwaji ne, kada ya hana ka ajiye waƙoƙin a kwamfuta da wani wurin dabam.

Akwai abin da ya fi duk wannan tasiri a kunne, wato abin da ka zuba a faifan. Waƙar da ta yi yawo a WhatsApp, aka matse ta aka sake matsewa, ko a faifan zinariya ka naɗe ta haka za ta fito, domin abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Idan daga faifai na asali za ka kwafa, ciro shi da manhaja irin Exact Audio Copy, wadda ke maimaita karatu har ta tabbatar, ka ajiye shi a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai daga sautin. Idan daga kaset ne, share kan da ke karanta zaren a cikin rediyon da auduga tukuna, kuma kada ka ƙure ƙarar shiga har ta fashe. Ka kuma bambance faifan sauti da faifan MP3: na farko minti 80 ne kawai amma kowace na'ura tana ci, na biyu yana ɗaukar awa goma ko fiye amma sai rediyon da aka rubuta wa MP3 a goshi. Duk wannan kuma don amfanin kanka ne da abin da ka mallaka. Kwafa don sayarwa cin haƙƙin mawaƙi ne, kuma mun ga yadda ya karya masu sana'a da yawa.

Kafin ka sayi kwali mai faifai hamsin ko ɗari, sayi biyu ko uku daga kowane iri. Naɗa waƙoƙi iri ɗaya a kansu a 16x, ka kai su ga na'urar da ta fi ba ka wahala. Lura da daƙiƙa nawa take yi kafin ta nuna adadin waƙoƙi: wanda ta kama nan take ya fi wanda ta tsaya tana gurnani a kansa. Sannan tsallaka kai tsaye zuwa waƙa ta ƙarshe, ka dawo ta tsakiya, ka sake komawa ƙarshe. Idan a mota ne, yi gwajin a hanya mai gargada bayan rediyon ya ɗau zafi. Wanda ya wuce wannan, koma shagon ka sayi irin kwalin nan daidai tun kafin kayan su ƙare a kawo wasu.